Mijina ya fi sakewa da wani tsohon soja ɗan shekara 80 fiye da ni: abota ce ko gudun gida?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai, na san kuma a nan akwai sojoji da iyalan sojoji. Maigidana soja ne, an sallame shi saboda raunin da ya samu a ƙafa, shekarunsa 33. Tun da ya dawo magana ta yi masa wuya. In na tambaye shi me ke damunsa sai ya ce ba komai. Abokansa na ƙuruciya sun yi ta zuwa har sun gaji sun ɗauke ƙafa. To amma akwai wani dattijo, ɗan mazan jiya, ya haura 80, a layin tantance 'yan fansho suka haɗu. Yanzu kusan kullum yana wurinsa. Wani lokaci ba ma hira suke yi ba, zama kawai, rediyo na ta yi. Ranar nan na ji yana dariya da tsohon, irin dariyar da rabona da jin ta tun kafin ya tafi daga. Na yi murna, kuma wallahi na ji kishi. Wannan abota alheri ce gare shi, ko hanya ce ta guje mana? In yi magana ko in zuba ido?

Saje Mai Ritaya:
Wa'alaikumus salam. Ƙanwata, ki zuba ido, ki kuma gode wa Allah. Bari in gaya miki abin da ya sa abokansa suka kasa. Farar hula in ya zauna da wanda ya dawo daga fagen daga, ɗayan biyu yake yi: ko ya tambaye ka "mutum nawa ka kashe?", ko ya riƙa kallonka da tausayi kamar mara lafiya. Duka biyun ba daɗi. Shi wannan dattijo ba zai taɓa yi masa wannan tambaya ba. In ƙofa ta bugu da ƙarfi mijinki ya zabura, tsohon ba zai ce "lafiya?" ba, zai ci gaba da abin da yake yi kamar bai gani ba. Wannan kau da kan shi ne abin da mijinki ke zuwa nema.

Uwar Biyu:
Yaya Saje, ni ma ai ban taɓa tambayarsa ko ya kashe wani ba.

Saje Mai Ritaya:
Na yarda. Amma ke yana tsoron fuskarki ta canza in kin ji. Yana so ki ci gaba da ganinsa a matsayin mutumin da kika aura. Tsohon kuwa bai san shi a da ba, babu wani hoto da zai ɓace a idonsa.

Ba Sani Ba Sabo:
Ni fa ban ga abin yabo da sauri haka ba. Kuna magana kamar duk ɗan mazan jiya waliyyi ne. Wa ya fi tsofaffin sojoji raina na baya? "Mu ne muka ga yaƙi, ku da kuke da waya a aljihu da rigar sulke me kuka gani?" Na sha jin irin wannan da kunnena. Sannan wane magani tsohon ya sani? Maganin zamaninsu shi ne ka haɗiye, ka yi shiru, namiji ba ya kuka. Da yawansu da kwalba suka danne nasu, wasu a kan matansu da 'ya'yansu suka huce. In wannan darasi zai koya wa saurayin, gara ma ba su haɗu ba. Ga mata ga yara biyu a gida, shi yana can yana sauraren rediyo.

Ɗalibin Tarihi:
Malam Ba Sani, maganarka ta farko tana da tushe, tarihi ya shaide ta. Lokacin da sojojin Amurka suka riƙa dawowa daga Biyetnam, da yawansu sun ba da labarin cewa a zaurukan ƙungiyoyin tsofaffin sojoji ba a karɓe su hannu bibbiyu ba. Waɗanda suka yi Yaƙin Duniya na Biyu suna ganin su ne suka ci nasara, waɗannan kuwa sun dawo ba nasara. Alhali Amurkawa sama da 58,000 suka mutu a can. Wannan na cikin abin da ya sa suka kafa tasu ƙungiyar a 1978, Vietnam Veterans of America, kuma takenta shi ne cewa har abada wani zubi na tsofaffin sojoji ba zai sake yin watsi da wani zubin ba. Ka ga ba za a yi irin wannan alkawari ba sai da aka ɗanɗani wulaƙancin.

Amma ka duba abin da ya biyo baya. Su waɗanda aka yi wa wulaƙancin su ne suka tsufa, kuma da yara suka fara dawowa daga Iraƙi da Afganistan, a cikin masu zuwa filin jirgi tarbarsu har da su. Tun kafin nan ma, a ƙarshen shekarun 1980 wasu daga cikinsu sun tafi har Tarayyar Sobiyet suka zauna da samarin da suka dawo daga yaƙin Afganistan na 1979 zuwa 1989, waɗanda su ma a gida ake auna su da gwarazan Yaƙin Duniya na Biyu ana ganin ba su kai ba. Ƙasashensu abokan gaba ne, harshe ba ɗaya ba, amma sun gane juna.

Ba Sani Ba Sabo:
To ai ka tabbatar da maganata. Ba kowane tsoho ba.

Ɗalibin Tarihi:
Ba kowane ba. Abin da na lura shi ne tsohon da aka manta da yaƙinsa ya fi sauƙin kai ga yaro. Faransa ta yi yaƙi a Aljeriya daga 1954 zuwa 1962, amma sai a 1999 majalisarta ta amince a hukumance a kira shi yaƙi. Wanda ya shekara 37 ana ce masa aikin kwantar da tarzoma ya je, ba shi da bakin da zai ce wa wani "naka ba yaƙi ba ne".

Kurtun Jiya:
Na daɗe ina karatu a zauren nan ban taɓa rubutu ba, yau dai zan yi. Anti Uwar Biyu, ni ne irin mijinki. Ina da nawa tsohon, Baba nake ce masa, shi kuma har yau "Kofur" yake kirana duk da na tuɓe kaki.

Malam Ba Sani, farkon haɗuwarmu da raini aka fara, ban musa maka ba. Ya ce mu 'yan gata ne, ana ɗauke mu a jirgi mai saukar ungulu in an ji mana ciwo, su kuwa a kafaɗa ake ɗaukar mutum kwana da kwanaki. Na bar shi ya gama. Sai na tambaye shi, a zamaninku kun san inda abokin gaba yake? Ya ce ƙwarai, ga layinmu ga nasu. Na ce mu hanyar da muke bi kullum ita ce abokiyar gabarmu, don ba ka san inda aka binne bam ba, kuma wanda ya gaishe ka da safe ba ka da tabbacin ba shi ya binne ba. Na ce wayar da kake ganin gata ce, da ita ake kiranka kana bakin rami a ce ɗanka ba lafiya, ba ka da yadda za ka yi. Ya yi shiru ya daɗe. Sai ya ce su wasiƙa kan yi wata biyu kafin ta iso, kafin ka ji labari an riga an yi an gama. Daga ranar bai sake cewa 'yan gata ba.

Abin da nake samu a wurinsa ba shawara ba ce. Shawara kowa na da ita. Lokacin da na dawo ban iya hango kaina a shekara 40 ba, balle 80. A can an saba lissafin rayuwa daga fita sintiri zuwa dawowa. Sai ga mutum a gabana wanda ya ga abin da na gani ko fiye, ya rasa abokai, amma ya yi aure, ya yi sana'a, ya aurar da 'ya'ya, yana faɗa da jikoki a kan sun ɓoye masa tabarau. Kallonsa kawai ya isa ya nuna mini akwai hanya a gaba. Likita ba zai iya nuna mini wannan ba, matata ma ba za ta iya ba, duk da ta fi kowa ƙoƙari.

Uwar Biyu:
Allah sarki. Ƙanina, matarka ba ta jin haushi?

Kurtun Jiya:
Ta ji sosai. Abin da ya kawo sauƙi shi ne Baba da kansa yake tura ni gida. In lokaci ya yi sai ya ce, "Kofur, an tashi fareti, tafi wurin iyalinka." Wata rana ya tambaye ni yaushe rabona da in kai yarona makaranta da kaina, na rasa amsa, ya ce kada in sake zuwa wurinsa sai na kai shi. Anti, ki lura da wannan. In tsohon yana turo miki shi gida, abokin arziki ne. In yana riƙe shi, to da magana.

Malamar Jinya:
Na yi aiki a sashen masu larurar ƙwaƙwalwa, bari in sa baki, don ina ganin Malam Ba Sani da Kurtun Jiya kowa ya riƙe rabin gaskiya.

Zama da wanda ya san abin yana da amfani, masana ma sun yarda da haka. A farkon shekarun 1970 sojojin da suka dawo daga Biyetnam su da kansu suka fara haɗuwa rukuni-rukuni suna zantawa, wasu likitocin ƙwaƙwalwa na zama tare da su. Daga irin wannan yunƙuri aka kai ga buɗe cibiyoyin ba tsofaffin sojoji shawara a Amurka a 1979, sannan a 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasar ta shigar da ciwon firgici bayan tashin hankali, wanda ake taƙaitawa da PTSD, cikin kundin cututtukanta. Kafin nan fa? A Yaƙin Duniya na Ɗaya ana danganta shi da girgizar harsashin igwa, wani likitan Ingila mai suna Charles Myers ya yi rubutu a kansa a 1915. Wasu kwamandoji kuwa ragwanci suke ɗaukarsa. Birtaniya ta harbe sojojinta da na ƙasashen da ke ƙarƙashinta 306 a kan laifuffuka irin su gudu daga daga da tsoro, sai a 2006 aka yi musu afuwa. Saboda haka in tsoho ya ce "haɗiye", ba mugunta ba ce, a zamanin da ya taso faɗin abin yana iya jawo maka kunya ko abin da ya fi kunya.

Amma abota ba ta maye gurbin magani. 'Yar'uwa Uwar Biyu, ga abin da za ki duba. Yana mugun mafarki, ko abin yana dawo masa da rana kamar yanzu yake faruwa? Yana guje wa taro, ko wata hanya, ko wani wari? Yana zabura, yana saurin fushi, ba ya barci, kullum bayansa a jikin bango idonsa a ƙofa? Yana ɗora wa kansa laifin mutuwar wani? In waɗannan sun wuce wata guda suna hana shi rayuwa, yana buƙatar ganin ƙwararre. Akwai hanyoyin magani ta zance da aka gwada aka ga suna aiki, galibi zama 8 zuwa 16, wani lokaci a haɗa da ƙwayoyi. In kuwa ya fara maganar gara ya mutu, ko yana rabar da kayansa, ko shaye-shaye ya shigo, wannan ba a jira, a ranar ake kai shi asibiti, a kuma nisanta shi da makami.

Dabarar da na ga tana ci: ki bi ta hannun tsohon. Soja ya saba da bin umarnin na gaba. Abin da za ki yi wata shida kina roƙo, samanja zai faɗa sau ɗaya a yi.

Ba Sani Ba Sabo:
In tsohon ya yarda da asibiti ke nan, Hajiya. In shi ma yana ganin asibitin mahaukata ne fa?

Malamar Jinya:
To sai a fara da shi. Ba wasa nake ba. Da yawa daga cikin dattawan nan aiki da hidimar iyali ne suka rufe musu abin. Da an yi ritaya, mata ta rasu, abokai sun ƙare, jiki ya yi rauni, sai abin da aka binne shekara 50 ya taso. Na ga dattijon da bai taɓa mafarkin yaƙi ba sai bayan rasuwar matarsa. Shi ya sa nake jan kunnen matasa: labarinka yana iya tayar masa da nasa. Kada ka sauke masa kayanka ka tafi ka bar shi da dare shi kaɗai.

Jikar Mazan Jiya:
Wannan magana ta Anti Malama ta taɓa ni, don ni ta ɗaya gefen nake kallo. Kowa na tambayar me saurayi ke samu, ba wanda ya tambayi me tsoho ke samu.

Kakana, Allah ya jiƙansa, yana cikin sojojin Afirka ta Yamma da Turawan Ingila suka kai ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, a Yaƙin Duniya na Biyu. Runduna biyu ce, ta 81 da ta 82, suka yi yaƙi da Japanawa a dazuzzukan Arakan da kwarin Kaladan tsakanin 1943 da 1945. Mu jikoki mun taso muna jin "Bama, Bama" har ta zama abin tsokana. In ya fara sai mu sulale ɗaya bayan ɗaya. A shekarunsa na ƙarshe wani matashin soja da ya dawo daga aikin kiyaye zaman lafiya na ECOMOG, rundunar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Laberiya ya fara zuwa gaishe shi. Wallahi sai muka ga wani mutum daban. Ranar da zai zo, kakana zai sa a goge masa takalmi, ya zauna a miƙe. Kuma labarin da yake ba shi ba irin wanda yake ba mu ba ne. Mu yana ba mu na jirgin ruwa da giwaye da damina. Shi kuwa yana gaya masa sunayen waɗanda aka baro a can. Na taɓa jin su ta taga, yana kiran suna ɗaya-ɗaya da lambar kowa, saurayin yana cewa Allah ya jiƙansa. Shekara sama da 50 yana riƙe da sunayen nan, bai sami wanda ya ga ya cancanci ya ji su ba.

Saurayin ne kuma ya yi ta zirga-zirgar takardun kakana. Wani ofis sun yi ta mayar da shi, yau a ce hoto, gobe a ce sai kakana ya zo da kansa, mutumin da ko tsayuwa ba ya iyawa. Mu mun haƙura, shi ya ƙi haƙura.

Saje Mai Ritaya:
Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Batun takardu kuwa kin taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Rabin abotar da na sani tsakanin babba da yaro a layi ta fara. Yaro ya iya waya da intanet da cike fom, tsoho ya san wace ƙofa ake bugawa da kuma irin haƙurin da ake yi. Kuma duka biyun kunnensu ya taɓu, ku lura in suna hira kamar faɗa suke.

Malamar Jinya:
Yaya Saje ka ba ni dariya, amma gaskiya ce. A Amurka ƙarar da ke kaɗawa a kunne ba ta tsayawa ita ce larurar da aka fi biyan tsofaffin sojoji diyya a kanta.

Ɗalibin Tarihi:
Jan ƙafa a kan haƙƙin tsohon soja tsohuwar cuta ce, kuma ba ta ƙasa ɗaya ba. A Thiaroye kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba 1944, sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan sojojin Afirka da suka dawo daga Turai suna neman kuɗinsu. A 1959 kuma Faransa ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka, aka bar su a kan tsohon lissafi takwarorinsu Faransawa na samun ƙari, sai bayan hukuncin kotun tsarin mulki a 2010 aka daidaita gaba ɗaya. Lokacin yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Amma Kurtun Jiya ya faɗi bambancin yaƙin da da na yanzu, ina so in ƙara a kai da bambancin dawowa. Sojan Yaƙin Duniya na Biyu a jirgin ruwa yake dawowa, makonni yana tare da waɗanda suka yi yaƙi tare, suna maimaita abin a tsakaninsu har ya ɗan huce kafin a ga gida. Sojan Biyetnam shi kaɗai yake cika wata 12 ɗinsa, a sa shi a jirgin sama, cikin kwana biyu yana ɗakin mahaifiyarsa. Na yau ma haka. Shi ya sa Birtaniya da Kanada suka riƙa tsayar da sojojinsu a tsibirin Saifurus na ɗan lokaci in sun taso daga Afganistan, kafin a kai su gida. A ganina zaman da mijin Uwar Biyu ke yi da dattijon nan, wannan zangon ne da bai samu ba yake ramawa.

Ba Sani Ba Sabo:
Zango ai ana tashi daga shi. Tambayata ke nan tun farko, yaushe zai tashi? Kuma ku faɗi gaskiya, mutum ɗan 80 shekara nawa suka rage masa? Rai na hannun Allah, amma yaron da ya riga ya binne abokai kun ɗaura shi a kan wanda zai sake binnewa. Ranar da tsohon ya faɗi, wa zai tare shi?

Kurtun Jiya:
Malam, wannan tambayar ni ma tana hana ni barci wani lokaci. Amma waɗanda na rasa a can, ɗayansu muna magana ne aka ɗauke shi a tsakiyar zance, shekararsa 24. Ban yi masa sallama ba, ban ga inda aka sa shi ba. In Baba ya rasu a kan gadonsa, 'ya'yansa na kewaye da shi, na riƙe masa hannu, wannan wata irin mutuwa ce da ban taɓa gani ba. Zan yi kuka, amma ba irin wancan ba ne.

Samanja (jikansa ne ke rubuta masa):
Kakana ya ce in karanta masa abin da kuke ta yi tun jiya, na karanta, ya ce in rubuta wannan yadda ya faɗa.

Ya ce yana gaida kowa. Ya ce yaron nan Ba Sani bai yi ƙarya ba, su an koya musu shiru, kuma shirun ya ci wasu. Ya ce akwai abokinsa da suka dawo tare lafiya lau, ba ko ƙwarzane, shekara uku kwalba ta kashe shi, kuma duk suna gani ba wanda ya ce uffan, don a lokacin ba a san abin da za a ce ba. Ya ce shi ya sa in yaro ya zo wurinsa yanzu ba ya ce masa ya haɗiye. Ba ya kuma ce masa ya faɗa. Yana ba shi kujera ne.

Ya ce wa Uwar Biyu: 'yata, kada ki yi kishi da tsoho. Mijinki kaya yake kawowa wurinmu don kada ya shigar miki da su ɗaki. Ki je ki gaida dattijon, ki tafi da yaran. In yana da mata a raye ki zauna da ita, ita ce ta san abin da ke gabanki, don ta riga ki shan shi.

Ya ce kuma ku daina cewa tsoho na taimakon yaro kamar sadaka yake bayarwa. Ya ce duk waɗanda suka san shi da kaki sun mutu, in ba yaran nan ba wa zai ƙame masa.

Uwar Biyu:
Baba, na gode, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Matar dattijon tana nan da ranta, ban taɓa tunanin zuwa wurinta ba. Anti Malama, cikin abubuwan da kika lissafa akwai rashin barci da zabura, sauran ban gani ba. Zan bi ta hannun tsohon kamar yadda kika ce.

Malamar Jinya:
Ki yi hakan, amma kada mijinki ya ji kamar an haɗa masa kai. Ki gaya masa da bakinki cewa za ki je gaida su. Kuma in an je ganin likita a duba kunnen da ƙafar gaba ɗaya, ciwon jiki da ba ya sauka shi kansa yana hana barci.

Ɗalibin Tarihi:
Ina da roƙo ga Kurtun Jiya da duk mai irin wannan aboki: ku ɗauki muryarsu a waya. Harry Patch, sojan Birtaniya na ƙarshe da ya yi yaƙi a ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya, bai buɗe baki a kan yaƙin ba sai da ya kai shekara 100. A 1917 harsashin igwa ya kashe abokansa uku ya ji masa rauni, ya riƙe abin shekara 80. A 2004 har ya gana da Charles Kuentz, wanda ya yi yaƙi a ɓangaren Jamus, suka yi musabaha. Ya rasu a 2009 yana da shekara 111. Da ya mutu yana ɗan shekara 95 da ba wanda ya ji komai. Na Yaƙin Duniya na Biyu yanzu duk wanda ya rage yana dab da 100 ko ya wuce, na Koriya da na Kwango suna bin bayansu.

Kurtun Jiya:
Malam, na fahimce ka, amma ba zan yi ba. Ranar da na ajiye waya a tsakaninmu na zama ɗan jarida. Abin da yake gaya mini, yana faɗa ne don ya san ba zai fita ba. Akwai abin da ya yi yana ɗan shekara 19 da 'ya'yansa ba su sani ba, ni ma akwai nawa a wurinsa.

Ɗalibin Tarihi:
Ba sirrin nake nufi ba. Sunayen wurare, ranaku, waɗanda suka mutu. In ya tafi da su shi ke nan.

Jikar Mazan Jiya:
Ni ina bayan Malam Ɗalibi a nan. Sunayen da kakana ya riƙa kira, ko ɗaya ban riƙe ba, saurayin kuma an yi masa canjin wurin aiki mun rabu. Wataƙila a cikinsu akwai wanda danginsa har yau ba su san inda ya kwanta ba.

Saje Mai Ritaya:
Ku raba aikin mana. Jikoki su ɗauki tarihi, da izininsa, rana daban, shi ya zaɓi abin da zai faɗa. Aboki kuma a bar shi a aboki. Kofur, abin da za ka iya yi shi ne ka gaya wa jikokin su daina sulalewa.

Ba Sani Ba Sabo:
Wannan na yarda da shi. Sauran kuwa ina nan a kan bakana sai Uwar Biyu ta dawo ta ce mana an ga likita.

Kurtun Jiya:
Oga Saje, an gama. Akwai jikarsa da ke aji shida, ita ce mai yawan tambaya, zan fara da ita. Sai dai in Baba ya ce a'a, a'a ce.